Me ya sa gwamnati ke zuba kuɗi a jirgin da ba ya ɗaukar fasinja ko ɗaya?

Mai Walda Panteka

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya ce da ni, amma sai na ɗan yi shimfiɗa, ku yi haƙuri da ni.

Ni mai walda ne a Panteka, nan Kaduna. Shekara 19 ke nan ina ƙera injin niƙa, injin sussukar masara da ƙofofin ƙarfe. Shekaranjiya bayan azahar an ɗauke wuta, muna zaune ƙarƙashin rumfa muna fifita da kwali, sai ƙaramin yaron shagona ya miƙo mini waya ya ce, "Oga, dubi wannan." Bidiyon wani jirgin sama ne, siriri, hancinsa dogo kamar bakin zalɓe. Sunansa X-59, na NASA, hukumar binciken jiragen sama da sararin samaniya ta Amurka. Mun maimaita kallon bidiyon ya fi sau biyar, har cajin wayar ya kusa ƙarewa.

Da dare na zauna na karanta labarinsa. Tsawonsa mita 30 ne, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawon nan hanci ne zalla. Kujera ɗaya ce a ciki, ta matuƙi. Ba ya ɗaukar fasinja, ba ya ɗaukar kaya, ba ya ɗaukar bam. Shi kansa matuƙin ba shi da tagar gaba, hancin ya tare, sai kyamara ce ke nuna masa hanya a allo. Guda ɗaya tak aka ƙera. A 2018 gwamnati ta ba kamfanin Lockheed Martin kwangilarsa a kan dala miliyan 247.5, aka ce zai tashi a 2021, bai tashi ba sai watan Oktoba na 2025.

To abin da ya tsaya mini a rai shi ne, Boeing da Airbus ba matalauta ba ne. Su ke sayar da jirgi, su ke cin riba. In akwai wata sabuwar dabara da za a gwada, me ya hana su gwada da kuɗinsu? Ni dai da na so in gyara injin sussuka don ya daina farfasa ƙwayar masara, ba wanda ya ba ni ko sisi. Sau uku ina haɗawa ina wargazawa. Na farko ya riƙa niƙe masarar, na biyu ya riƙa tsinka bel, na uku ya yi ta girgiza har ƙafarsa ta tsage. Sai a na huɗu na gano cewa tazarar haƙoran gangar ce matsalar, da kuma girman fulin. Ƙarfe da rodin waldar da na ɓarnatar, da fetur ɗin janareto, duk daga aljihuna suka fita.

Yayana, wanda malamin makaranta ne, ya ce ai wannan hanyar cin kuɗin talakawa ce kawai, irin wadda muka sani, sai dai su sun iya yi mata ado. Ni kuma zuciyata ba ta kwanta da haka ba, don mutanen nan sun daɗe suna yi, kuma jiragen da muke hawa nasu ne. Don Allah wanda ya san kan abin ya fahimtar da ni.

Tsohon Makaniken Jirgi

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka yi tambaya mai kyau, kuma rabin amsar tana cikin labarin injinka, ba ka dai ƙarasa mana labarin ba. Bayan ka gano tazarar haƙoran nan, wata nawa aka yi kafin maƙwabtanka na Panteka su fara ƙera irinsa? Ka riƙe wannan, zan dawo kai.

Na yi shekara sama da 30 ina kwance ƙarƙashin jirage kafin in yi ritaya, don haka bari in faɗa maka abin da na taɓa da hannuna. Ranar da ka je filin jirgi, ka dubi ƙarshen fiffiken jirgin fasinja. Za ka ga da yawansu ya lanƙwashe sama kamar an naɗe bakin tabarma. A jiragen da na fara aiki a kansu babu wannan, fiffike a miƙe yake har ƙarshe. Abin da ke faruwa shi ne, iskar da ke ƙarƙashin fiffike ta fi ta samansa matsi, sai ta zagayo ta bakin fiffiken ta yi 'yar guguwa, guguwar nan kuma tana jan jirgin baya, yana shan mai a banza. Wani injiniyan NASA mai suna Richard Whitcomb ne ya zauna a kan wannan matsala bayan tsadar man fetur ta 1973. Ya yi ta gwaji a ɗakin da ake hura iska a kan ƙananan samfuran jirgi. Amma abin da ɗaki ya nuna maka ba dole ne sama ta yarda da shi ba. Sai NASA da rundunar sojan sama suka ɗauki jirgin dakon mai, KC-135, suka ɗaura masa wannan lanƙwasa, suka yi ta tashi da shi a 1979 da 1980 suna aunawa. Aka tarar da man da yake sha a da yanzu yana kai shi tafiyar da ta ƙaru da sama da kashi 6 cikin ɗari. Ka lissafa wannan a jirage dubbai, kullum, shekara da shekaru. Kuma sakamakon rubuta shi aka yi aka baza, kowane kamfani ya ɗauka.

Na biyu ya fi wannan girma. A da, sandar da matuƙi ke riƙewa a haɗe take da fukafukai da jela ta hanyar igiyoyin ƙarfe da fuli da bututun mai, kamar birkin keke amma mai tsawon gaske. Na sha zama ina auna ƙarfin ɗaurin igiyoyin nan, in ya yi sako-sako a ɗaure, in waya ɗaya ta fara tsinkewa a jikin igiyar a canza ta gaba ɗaya. Mukan bi ta da tsumma a hannu, inda tsumman ya maƙale nan ne ta fara ci. Yau a sababbin jirage matuƙi kwamfuta yake gaya wa abin da yake so, ita ce ke juya fukafukan. Wa ya fara yarda ya tashi da jirgin da aka cire masa igiyoyin nan gaba ɗaya, ya dogara da irin wannan kwamfuta? NASA ce, ranar 25 ga Mayu 1972, da wani tsohon jirgin yaƙi F-8 da suka sa wa kwamfutar kumbon Apollo, irin wadda ta kai mutum duniyar wata. Neil Armstrong, wanda a 1970 yake babban jami'i a sashen jiragen sama na hukumar, yana cikin waɗanda suka mara wa aikin baya. Shekara 16 bayan haka, a 1988, Airbus A320 ya fara ɗaukar fasinja da wannan tsari, Boeing 777 ya biyo a 1995. Ka gaya mini wane ɗan kasuwa ne zai zuba kuɗi yau a abin da ba zai kawo riba ba sai bayan shekara 16, kuma ma abokin hamayyarsa na wata nahiya ne zai riga shi ci?

Sannan akwai rai. Jirgin gwaji na gwamnatin Amurka mai suna X-15 guda uku aka ƙera, suka tashi sau 199 tsakanin 1959 da 1968. Ba ya tashi daga ƙasa da kansa, wani babban jirgi B-52 ne ke ɗauko shi a ƙarƙashin fiffike ya sake shi a sama, sannan ya kunna roka. A watan Oktoba na 1967 ya yi gudun kilomita 7,274 a awa, har zafin iska ya ƙona wani sashe na jikinsa. Wata ɗaya da 'yan kwanaki bayan haka ɗaya daga cikin ukun ya tarwatse a sama, matuƙinsa Michael Adams ya mutu. Kamfanin da ke da masu hannun jari da kamfanin inshora a kansa ba ya iya ɗaukar irin wannan kasada sau 199.

Abin ya samo asali tun 1915, lokacin da Amurka ta ga Turawa sun wuce ta a harkar jirgi duk da cewa a ƙasarta aka fara tashi, sai ta kafa hukumar bincike ta NACA, wadda ta rikiɗe ta zama NASA a 1958. Jirgin farko a jerin masu harafin X, wato X-1, shi ne Chuck Yeager ya wuce gudun sauti da shi ranar 14 ga Oktoba 1947, da karayar haƙarƙari a jikinsa don ya faɗo daga kan doki kwana biyu kafin nan, har sai da aka yanko masa guntun sandar tsintsiya ya rufe ƙofar jirgin da ita.

Yanzu ka amsa mini tambayata ta farko.

Hajiyar Lissafi

Baba, Allah ya ƙara girma, na amfana da bayaninka. Amma ka kawo mana waɗanda suka ci ne kawai, ka bar waɗanda suka faɗi. Ni aikina duba littafin kuɗi ne, don haka ido na ya fi zuwa shafin asara.

Concorde fa, jirgin fasinjan nan da ke wuce gudun sauti? Gwamnatocin Ingila da Faransa suka rattaba hannu a 1962, suka yi ta zuba kuɗin haraji shekara da shekaru. Jirgi 20 aka ƙera, 14 ne kawai suka yi aikin fasinja, kuma ba wanda ya saya sai kamfanonin jiragen ƙasashen biyu. Ya riƙa kai masu hali daga Landan zuwa New York cikin awa uku da rabi, direban bas na Ingila da aka cire harajin daga albashinsa kuwa ko ƙofarsa bai taɓa gani ba. A 2003 aka ajiye shi. Majalisar Amurka ita da ta ga inda aka dosa sai ta yanke kuɗin nata irin jirgin, Boeing 2707, tun a 1971, kafin ya tashi ko sau ɗaya.

Ko a kwanan nan, NASA ta yi shekaru tana haɗa X-57, jirgin da zai yi aiki da batir, aka ce a ƙarshe zai zama da injin lantarki 14. An rufe aikin a 2023 bai bar ƙasa ba. Sai X-66, mai dogon fiffike siriri da aka tokare da sanda don rage shan mai: a farkon 2023 NASA ta yi alkawarin dala miliyan 425, Boeing da abokan aikinsa kuma miliyan 725. A 2025 aka dakatar da ƙera shi.

Kuma yayan Malam mai walda bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Ba sata ba ce irin ta ɗaukar kuɗi a buhu, amma tallafi ne ga manyan kamfanoni da aka sa wa rigar bincike. Ba ni na faɗa ba, Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ce. A 2004 Amurka da Tarayyar Turai suka fara shari'a a gabanta. Amurka ta ce gwamnatocin Turai na ba Airbus bashi mai rahusa don fito da sababbin jirage, Turai ta ce ai kwangilolin binciken NASA da na ma'aikatar tsaro su ma tallafi ne ga Boeing. Aka samu kowanne da laifi. A 2019 aka ba Amurka damar ɗora haraji a kan kayan Turai na dala biliyan 7.5, a 2020 aka ba Turai nata na kusan biliyan 4, har masu sayar da cuku da man zaitun da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba suka sha wuta. Sai a 2021 suka tsagaita, bayan shekara 17.

Ban ce a daina ba. Na ce dai akwai bambanci tsakanin gwamnati ta biya kuɗin gano wani ilimi da kowa zai ɗauka, da kuma ta biya kuɗin ƙera haja don wani kamfani ya sayar. Lanƙwasar fiffiken da Baba ya ambata tana ɓangaren farko. Concorde yana na biyu.

Na Bakin Kasuwa

Ni dai abin da ban gane ba, shi wannan mai dogon hancin me ake son ganowa da shi? Ai tun 1947 aka wuce gudun sauti in ji Baba. Ko mantawa suka yi yadda ake yi?

Ɗan Zariya a Jamus

Yaya Na Bakin Kasuwa, ba gudun ne ake nema ba, shirun ake nema. Jirgin da ya wuce gudun sauti yana tura iska a gabansa ta dunƙule, in ta iso ƙasa sai a ji kamar aradu ta faɗi sau biyu a jere, kuma wannan ƙara tana bin jirgin duk inda ya ratsa, ba sau ɗaya take yi ba. A 1964 gwamnatin Amurka ta gwada haƙurin mutanen birnin Oklahoma da ita: wata shida, sau takwas a rana, jimilla sau 1,253. Gilasai suka fashe, bango ya tsage, ƙorafi ya shigo dubbai. A 1973 aka haramta wa jirgin farar hula wuce gudun sauti a saman ƙasar. Wannan na cikin abin da ya karya kasuwar Concorde, don sai a kan teku yake iya sakin gudu.

Dogon hancin X-59 aikinsa ya rarraba wannan dunƙulewar iska kada ta haɗu wuri ɗaya, injinsa ma a sama aka ɗora shi don ƙarar ta yi sama. Ana fatan wanda ke ƙasa ya ji kamar an rufe ƙofar mota a can nesa. Shirin shi ne a bi da shi ta saman wasu garuruwa, a tambayi mutane yadda suka ji, a miƙa wa masu tsara dokar jiragen sama alƙaluman don su sa iyaka da ma'aunin ƙara maimakon ma'aunin gudu. Ka ga hajar da ake nema a nan ba jirgi ba ce, hujjar canza doka ce. In kamfani ne ya kawo alƙaluman za a ce son kai ne.

Hajiya, a kan X-57 ina da ɗan ja. Gaskiya bai tashi ba. Amma a gwajin farko batirinsa ya kama da wuta, ƙwaya ɗaya ta yi zafi ta kunna na kusa da ita, dole aka sake fasalin akwatin batirin yadda wutar ba za ta yaɗu ba, kuma sun wallafa abin da suka gano. Duk mai haɗa jirgin lantarki yau ya samu wannan darasi ba tare da ya ƙona nasa shagon ba.

Nan Jamus cibiyar binciken sama ta gwamnati, DLR, tana da nata A320 a Braunschweig wanda ba ya ɗaukar fasinja, an cika shi da na'urorin awo. A farkon 2018 suka zuba masa man jirgi da aka gauraya da na tsirrai, wani jirgin NASA, DC-8, ya bi shi a baya yana shaƙar hayaƙinsa yana aunawa. Suka ga baƙin hayaƙin ya ragu, ƙanƙarar da ke yin farin layin nan da jirgi ke bari a sama ita ma ta ragu.

Mu ma ba a ce ba mu taɓa ba. A Kadunan Malam mai walda aka harhaɗa Air Beetle, kimanin 60, don horar da matuƙan sojan sama a shekarun 1990. Aka nuna jirgi maras matuƙi mai suna Gulma a 2013, sai Tsaigumi a 2018, duk a Kaduna. Matsalar ita ce ɗorewa. Burazil ta kafa makarantar injiniyoyin jirgi a 1950, ta jira har 1969 kafin gwamnati ta kafa kamfanin ƙera jirage na Embraer, ta riƙe shi har 1994 sannan ta sayar. Jiragen Embraer ɗin nan ne wasu kamfanoninmu ke jigila da su yau. Indonesiya kuwa ta kai ga tashin jirgin fasinjanta N-250 a 1995 ƙarƙashin ministan bincike da fasaha Habibie, rikicin tattalin arziki ya zo, a 1998 aka yanke kuɗin bisa sharuɗɗan IMF, aikin ya tsaya nan.

Mai Walda Panteka

Baba, ka kama ni. Wata biyu ba a cika ba. Wani ya aiko yaronsa kamar mai son saye, ya buɗe murfin, ya sa tef ya auna haƙoran gangar a gabana, ni kuma ina ta murna na samu ciniki. Kafin kakar ta fita layinmu kaɗai shago huɗu ke ƙera irinsa, kuma suna karya kuɗi ƙasa da nawa, don su ba su ɓarnatar da inji uku ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tun daga lokacin akwai wata dabara ta injin ɓarzar gyaɗa da ke kaina, shekara huɗu ke nan, zanenta na cikin wani littafi a ƙasan akwatina, ban taɓa ta ba. Na san in na yi nasara haka za a sake yi mini, in na faɗi kuma ni kaɗai zan ɗauka. Ban taɓa tunanin Boeing ma na iya irin wannan lissafin ba.

Hajiya, maganarki ma ta shige ni, kuma yayana zai ji daɗinta in na karanta masa. Sai dai zan ce masa rabin gaskiya ya samu.

Wani abu ya ba ni dariya da na koma karatu jiya. Ashe X-59 ɗin nan da kayan tsofaffin jirage aka harhaɗa wani sashensa: ƙafafun sauka na F-16 ne, murfin gilashin matuƙi da kujerarsa na T-38, sandar tuƙi ta F-117. Na ce wa yaran shago to ai waɗannan 'yan Panteka ne, kuɗi ne kawai suka fi mu.

Baba, saura tambaya ɗaya. Wannan 'yar guguwar da ka ce tana yi a bakin fiffike, tana yi a bakin farfelar fanka ma? Don fankar da ke hure ƙaiƙayi a injin sussukana tana cin ƙarfin inji fiye da yadda nake so.

Tsohon Makaniken Jirgi

Tana yi, ɗana, farfela ai fiffike ce mai juyawa. Amma kafin ka lanƙwasa komai, fara auna ratar da ke tsakanin bakin farfelar da jikin gidanta. In yatsanka na shiga, ta yi yawa, iskar tana zagayowa ta nan ne maimakon ta fita ta bututun. Rage ta, ka tabbata farfelun nauyinsu ɗaya kada ta yi girgiza, sannan ka zuba fetur lita ɗaya ka ga buhu nawa zai sussuke kafin da bayan gyaran. Canji ɗaya a lokaci ɗaya, kuma ka rubuta a littafin nan naka na ƙasan akwati. In ka gama ka kawo mana alƙaluman nan zauren mu gani.